Me ya sa zuwa New York daga Landan ya fi dawowa daɗewa, alhali nisan ɗaya ne?

Tambaya: Na sayi tikitin zuwa da dawowa tsakanin filin jirgin Heathrow da ke Landan da na JFK da ke New York. A tikitin an rubuta zuwa awa 8, dawowa awa 7. Na duba intanet na ga nisan bai kai kilomita 5,600 ba, kuma an ce jirgi yana gudun kilomita 900 a awa, ka ga bai kamata a wuce awa 6 da 'yan mintoci ba. Ga shi kuma a taswira na ga jirgin yana yin baka ta arewa maimakon ya miƙe. Zagaye ake yi da mu, ko lissafina ne ya ɓace?

Amsa: Malam, lissafinka bai ɓace ba, kuma babu mai zagaye da kai. Abin da ya faru shi ne ka auna ƙasa, jirgi kuwa a cikin iska yake tafiya, iskar ma tafiya take yi. Nisa tsakanin filayen biyu yana nan daram, kusan kilomita 5,550, yau da gobe da baɗi. Lokacin tafiya shi ne ba ya zama wuri ɗaya, kullum sai an sake lissafa shi kafin jirgi ya tashi, kuma wannan lissafin shi ne sana'ar masu tsara wa jirage hanya.

Bari mu fara da bakan nan da ka gani, don shi ne ya fi sauƙin warwarewa. Duniya dunƙulalliya ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya. Yawancin taswirar da muka saba gani ta samo asali ne daga wadda Gerardus Mercator ya fitar a 1569 don amfanin matuƙa jiragen ruwa, kuma tana kumbura ƙasashen arewa ƙwarai. Shi ya sa za ka ga Greenland tana neman kamo Afirka a girma, alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14. In ka sami dunƙulen taswirar duniya irin ta makaranta, ɗauki zare ka dafe bakinsa ɗaya a Landan, ɗayan a New York, ka ja shi ya miƙe sosai. Za ka ga zaren ya bi ta kan Ireland, ya ɗan hau arewa, sannan ya gangaro ta Newfoundland a gabashin Kanada. Wannan ita ce hanya mafi gajarta, masana suna kiranta hanyar babbar da'ira. Layin da kake gani a miƙe a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira ya fi ta tsawo da sama da kilomita 200. Wato bakan shi ne miƙaƙƙe, miƙaƙƙen shi ne zagaye. A doguwar tafiya abin ya fi fitowa fili: jirgin da ya tashi daga Dubai zuwa Los Angeles, tafiyar kusan kilomita 13,400, arewa yake nufa, ya ratsa kusa da ƙuryar arewacin duniya sannan ya sauko ta Kanada.

A kula da ma'auni kuma, don yana rikita mutane. Wani shafin zai ce maka 5,550, wani 3,450, wani 3,000, duk kuma gaskiya suka faɗa. Na farko kilomita ne, na biyu mil ne na tudu mai mita 1,609, na uku mil ɗin teku ne mai mita 1,852, wanda shi ne matuƙa jirage suke aiki da shi.

To, sai iska, wadda ita ce uwar tambayarka.

A tsayin da jiragen fasinja suke tafiya, wato tsakanin kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da take kwarara daga yamma zuwa gabas a siririyar hanya, tamkar kogi a sararin sama. Abu biyu ne suke haifar da ita: bambancin zafi tsakanin tsakiyar duniya da ƙuryar arewa mai ƙanƙara, da kuma juyawar duniya wadda take karkatar da iskar ta nufi gabas. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, ya gano ta tun a shekarun 1920 ta hanyar sakin balan-balan yana bin tafiyarsu. Gudunta yakan kai kilomita 150 zuwa 250 a awa, a lokacin sanyi kuma, da bambancin zafin ya fi tsanani, takan haura 300. Landan da New York kuwa kusan a kan hanyarta suke zaune.

Kilomita 900 da aka faɗa maka gudun jirgi ne a cikin iskar da ta kewaye shi, ba gudunsa a kan ƙasa ba. Kamar mai kwale-kwale ne: ƙarfin tuƙinsa ɗaya ne ko ya gangara ko ya haura, amma na bakin gaɓa zai ga bambanci. Mu ɗauka iskar tana gudun kilomita 150 a duk tsawon hanya. Mai tafiya New York yana fuskantarta, saboda haka a kan ƙasa 750 yake ci, sai ya shafe awa 7 da minti 24. Mai dawowa Landan tana tura shi ta baya, yana cin 1,050, awa 5 da minti 17 ya isa. Ka ga tazarar ta haura awa biyu. Abin da ya sa a tikitinka ba ta wuce awa ɗaya ba shi ne mai tafiya yamma ba ya tsayawa iska ta yi ta dukansa a fuska, kauce mata yake yi ta arewa ko ta kudu ko da hanyar ta ƙara tsawo, mai zuwa gabas kuma nemanta yake yi ya shiga tsakiyarta.

Akwai wani abu a cikin lissafin nan da mutane ba su cika lura da shi ba. In babu iska kwata-kwata, zuwa da dawowa zai ci awa 12 da minti 20. Da iskar nan kuwa, in ka haɗa biyun, awa 12 da minti 41 ne. Abin da iska ta ƙwace a zuwa ba ta mayar da shi duka a dawowa, domin jirgi ya fi daɗewa a inda take cutarsa a kan inda take taimakonsa.

Nakan ji mutane suna cewa ai juyawar duniya ce, ƙasa tana gudu a ƙarƙashin jirgi. Da haka ne da abin ya juya: duniya gabas take juyawa, don haka da New York ce za ta riƙa tahowa ta tari jirgin da ya taso daga Landan, zuwa ya fi dawowa sauri. A daidai Landan ƙasa tana juyawa da gudun sama da kilomita 1,000 a awa, amma filin jirgin, da jirgin da ke kansa, da iskar da ke sama, duk tare suke wannan tafiya. Hannun juyawar duniya a lamarin bai wuce karkatar da waccan iskar ba.

Idan kana son ganin iya abin da iskar nan za ta yi, duba watan Fabrairu na 2020, lokacin guguwar da aka sa wa suna Ciara. Wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga JFK ya sauka Heathrow cikin awa 4 da minti 56, gudunsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa a wani wuri. A tsayin nan gudun sauti kusan kilomita 1,060 ne a awa, amma jirgin bai karya shingen sauti ba, saboda a cikin iskar da ta ɗauke shi gudunsa na kullum yake yi.

Ita wannan kaucewa da nema ba kowane matuƙi ne yake yin gaban kansa ba. A kan arewacin Tekun Atlantika akwai cibiyoyi biyu da suka raba aikin: Shanwick a ɓangaren Birtaniya da Ireland, da Gander a Kanada. Kullum ana duba hasashen iska a zana layuka da jirage za su bi, na masu zuwa yamma da rana, na masu zuwa gabas da dare. Layin jiya ba lallai ya zama na yau ba. Kowane kamfani yana son layi mafi kyau da tsayi mafi kyau, ba kuma kowa ne zai samu ba, wanda bai samu ba sai ya haƙura da na gefe, ya ƙara 'yan mintoci. Tun daga 2019 da aka fara bibiyar jirage a kan tekun ta tauraron ɗan'adam an sami sassauci, ana iya matso da su kusa da juna, amma har yanzu jirgin da zai bi babbar da'ira sak daga tashi har sauka ba shi da yawa.

Akwai kuma ƙa'idar jirage masu inji biyu, wadda ake kira ETOPS. Dole hanyar jirgi ta kasance ba ta yi nisa da wani filin da zai iya sauka ba idan inji ɗaya ya mutu. A da tafiyar minti 60 zuwa irin wannan filin ce iyaka, a 1985 aka ba da 120, a 1988 aka kai 180, yanzu Airbus A350 yana da izinin har minti 370. A hanyarka filaye irin su Shannon a Ireland, Keflavik a Iceland, Gander da Goose Bay a Kanada su ne madogara, kuma jiragen zamani ba su cika karkata saboda wannan ba. Abin da ya fi lanƙwasa hanyoyi a 'yan shekarun nan siyasa ce. Da Rasha ta rufe wa jiragen Turai sararin samaniyarta a 2022, tafiyar Finnair daga Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga wajen awa 9 da rabi ta koma wajen 13, ba tare da Helsinki ko Tokyo ta gusa ko taku ɗaya ba.

Yanzu mu zo kan awa 8 da awa 7 ɗin da ke tikitinka, don ba lokacin da za ka yi a sama ba ne. Agogon kamfanin jirgi yana fara bugawa ne daga lokacin da aka cire wajin da ya tokare tayoyi aka tura jirgi baya daga bakin ƙofa, ya kuma tsaya lokacin da aka sake tokare su a can. Duk abin da ke tsakani a ciki yake. A JFK da yamma, lokacin da jiragen Turai suke tashi a jere, za ka iya leƙawa ta taga ka ga fitilun jirage goma ko fiye a gabanku, kowa yana matsawa kaɗan-kaɗan zuwa titin tashi. Minti 30 a wannan layin ba abin mamaki ba ne. Bayan an tashi ma ba nan take ake kai 900 ba. Ƙasa da tsayin ƙafa 10,000, wato wajen kilomita 3, doka ta taƙaita gudu zuwa mil ɗin teku 250 a awa, wajen kilomita 460, hawa zuwa tsayin tafiya yakan ci minti 20 zuwa 30, saukowa ma haka, ga shi kuma galibi ana tashi a sauka ne ana fuskantar iska, wanda kan sa jirgi ya wuce filin ya kewayo.

Heathrow kuma tana da nata hali. Titin jirgi biyu kacal gare ta, ga cunkoso, don haka idan masu sauka suka yi yawa sai a tura ku ɗaya daga wuraren jira huɗu da ke kewayen Landan, Bovingdon, Lambourne, Ockham ko Biggin Hill, ku yi ta kewaya wuri ɗaya, kowane jirgi da tsayinsa, ana sauko da na ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Saboda ƙarar jirage da dare kuma, ba a sauka kafin 4:30 na asuba, waɗanda aka ba izinin sauka kafin ƙarfe 6 ma ƙalilan ne. Wannan yana haifar da wani abin dariya: daren da iska ta yi kyau sosai, jirgin da aka tsara masa sauka bayan ƙarfe 6 yakan rage gudu da gangan, ko a jinkirta tashinsa daga New York, don kada ya iso ya tarar ba a buɗe masa ba.

Kamfani yana tattara duk wannan ne daga tarihin tafiye-tafiyensa na baya, ya zaɓi lokacin da yawancin ranaku za a iya cikawa, ya ɗan ƙara wani abu a kai. Ana yawan zargin kamfanoni da kumbura lokaci don a ce ba sa makara, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zargin. Ni dai a ganina gara haka. Fasinjan da zai canza jirgi yana bukatar lokacin da zai dogara da shi, ba lokacin da sai ranar sa'a ake samu ba. In ka ji matuƙi ya yi sanarwa cewa tafiyar yau awa 6 da minti 20 ce, alhali tikiti ya ce 7, babu saɓani: shi daga tashi zuwa sauka yake nufi, da iskar ranar, tikiti kuma daga ƙofa zuwa ƙofa, da iskar shekara.

Wani zai ce, to in an makara me zai hana matuƙi ya taka wuta? Abin da zai iya kaɗan ne. Manyan jiragen dogon zango irin su Boeing 787 da A350 suna tafiya ne a wajen kashi 85 cikin 100 na gudun sauti, ƙanana irin 737 da A320 a wajen kashi 78. In ya ƙara ɗigo ɗaya, daga 85 zuwa 86, a tafiyar awa 7 bai samu fiye da minti 5 ba, man da zai ƙona kuwa ba kaɗan ba ne, domin da an matso kusa da gudun sauti turjiyar iska take hauhawa. Wannan ne dalilin da jiragen yau ba su fi Boeing 707 na ƙarshen shekarun 1950 gudu ba. An ci gaba ƙwarai wajen rage shan mai da tsawon zango da aminci, amma gudu yana nan inda yake. Jirgin Concorde ne ya fita daban, yana ninka gudun sauti sau biyu a tsayin wajen kilomita 18, har ya yi JFK zuwa Heathrow cikin awa 2 da minti 52 da daƙiƙa 59 a ranar 7 ga Fabrairu 1996. Tsada ta kayar da shi, aka ajiye shi a 2003.

Sauran abu ɗaya da ke rikita masu karanta tikiti shi ne agogo. Kowane lokaci da aka rubuta na garin da abin zai faru ne. Landan tana gaban New York da awa 5. In ka tashi 10:00 na safe aka ce za ka sauka 1:00 na rana, ba awa 3 ba ne, 8 ne. In ka baro New York 7:00 na yamma ka sauka 7:00 na safe, ba 12 ba ne, 7 ne. Akwai ma ɗan tarko a nan: ƙasashen biyu suna matsar da agogo da awa ɗaya a lokacin zafi, amma ba rana ɗaya ba. Amurka tana yi a Lahadi ta biyu ta Maris, Birtaniya sai Lahadin ƙarshe ta watan, don haka a tsakanin nan tazarar awa 4 ce. Haka ake sake samun mako guda a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Su ma'aikatan jirgi ba sa shiga wannan ruɗani, agogo ɗaya suke aiki da shi a duk duniya, wato UTC. A kan Tekun Pasifik abin ya fi haka ban mamaki, domin wanda ya tashi daga Tokyo da daddare zuwa Honolulu yakan sauka da safiyar ranar da ya tashi, saboda ya tsallaka layin canjin kwanan wata.

In kana son ka riƙa ƙiyasta wa kanka tsakanin kowane filaye biyu, ga abin da nake ba mutane: raba nisan kilomita da 850, ka ƙara minti 30 zuwa 45 na ƙasa da hawa da sauka. A tafiyarka zai ba ka awa 7 da ɗan wani abu, wato tsakanin zuwa da dawowa. Sai ka duba alkibla. In gabas za ka a yankunan Turai, Amurka ta Arewa ko arewacin Asiya, rage kaɗan, in yamma ne ƙara. In tafiyar arewa da kudu ce, kamar Landan zuwa Johannesburg, zuwa da dawowa kusan ɗaya suke, domin iskar ta gefe take bugowa. A gajeren zango kuwa ƙa'idar rabawa ba ta da wani amfani: Heathrow zuwa Charles de Gaulle na Paris bai wuce kilomita 350 ba, a sama wajen minti 45 ne, amma tikiti zai ce maka awa ɗaya da kwata ko fiye, kusan rabin lokacin a ƙasa da layi yake tafiya.

A can ɗaya ƙarshen kuma akwai tafiyar Singapore Airlines tsakanin Singapore da JFK, sama da kilomita 15,300, wajen awa 18 zuwa 19 a cikin A350 da aka ƙara wa wurin mai. Ita ce ta fi nuna yadda masu tsara hanya suke tunani. Daga Singapore jirgin yakan bi ta Pasifik ya nufi gabas. Da zai dawo, sau da yawa ba ya juyowa ta inda ya fito, sai ya ci gaba da nufar gabas ta Atlantika da Turai da Asiya, ya ƙara nisa don iska ta kasance a bayansa.

Tunda tikitinka ya riga ya shiga hannu, ka tabbatar da haruffa ukun da ke jikinsa masu nuna filin jirgi, musamman na dawowa. New York tana da JFK da LaGuardia, ga Newark a jihar New Jersey wadda ita ma jiragen Landan suke tashi daga cikinta, Landan kuma ban da Heathrow akwai Gatwick da Stansted da Luton da City. A sama bambancinsu 'yan mintoci ne, a mota kuwa tsakanin Heathrow da Gatwick kaɗai zai iya cin fiye da awa ɗaya. In kuma akwai wani jirgin da za ka kama bayan ka sauka JFK, kada ka gina lissafinka a kan awa 8 ɗin nan kawai. A Amurka a filin farko da ka sauka ake duba fasfo, a ƙa'ida nan ne kuma kake karɓar kayanka ka wuce kwastan ka sake miƙa su, ko da tafiyarka ba ta ƙare ba. Ka bar wa kanka aƙalla awa 3 tsakanin jiragen biyu, in a lokacin sanyi ne ma ka ƙara, don a lokacin ne iskar gaba ta fi ƙarfi, ga ƙanƙara da kan sa a tsaya wanke fikafikan jirgi kafin a tashi.